CHL, jami'ar Amurka ko kulob ɗin Turai: ina ya fi dacewa matashin ɗan hokin ƙanƙara ya goge?

Gasar NHL, babbar gasar hokin ƙanƙara ta Amurka da Kanada, tana da ƙungiyoyi 32, kuma duk watan Yuni suna zama su zaɓi matasa a zagaye bakwai, wato mutum 224 daga duniya baki ɗaya. Yaro yana shiga sahun zaɓen ne idan ya cika shekara 18 kafin 15 ga Satumba na wannan shekarar ta wuce. Kaɗan ne ƙwarai cikin waɗanda aka zaɓa suke fara bugawa a NHL nan take. Sauran sai sun yi shekara biyu, uku, wani har biyar suna gogewa a wani wuri, kuma da yawa ba sa isa ko kaɗan. Saboda haka shekarun da ke tsakanin 16 da 22 su ne maganar, kuma hanyoyin da ake bi a cikinsu uku ne manya: gasar matasa ta Kanada da ake kira CHL, hanyar jami'o'in Amurka ƙarƙashin hukumar NCAA, da kuma tsarin kulob-kulob na Turai, musamman Suwidin da Finlan.

Duk wanda ya karanta bayani kan wannan batu da aka rubuta kafin ƙarshen 2024 ya sani cewa rabinsa ya tsufa. Da can, yaron da ya buga ko da wasa ɗaya a CHL ya rasa damar buga wa jami'ar Amurka, domin NCAA tana ɗaukar CHL a matsayin gasar masu karɓar albashi. Wannan ya sa ake tilasta wa ɗan shekara 15 ko 16 ya yanke hukuncin da babu komowa a cikinsa. A watan Nuwamba 2024, bayan wata ƙara da aka shigar a kotun tarayya, NCAA ta soke dokar ga rukuninta na ɗaya, sabon tsarin ya fara aiki ranar 1 ga Agusta 2025. Nan da nan Gavin McKenna ya bar ƙungiyar Medicine Hat ta CHL ya koma jami'ar Penn State, Porter Martone kuma ya tafi Michigan State. Tambayar yanzu ta sauya daga "wacce za a ɗauka a bar wacce" ta koma "wacce za a fara da ita, kuma yaushe za a tashi daga cikinta".

CHL: wasa da yawa, tun da wuri

CHL gasa uku ce a haɗe: WHL a yammacin Kanada da wani yanki na arewa maso yammacin Amurka, OHL a Ontario da maƙwabtanta, sai QMJHL a Quebec da jihohin gabar Atlantika. Ƙungiyoyin kusan 60 ne, 'yan wasan kuma daga shekara 16 zuwa 20. Yaro ba ya zaɓar gasar da yake so. Inda iyayensa ke zaune shi ke nuna wacce ke da iko da shi, kuma a cikinta ƙungiyar da ta zaɓe shi ita ce tasa. WHL tana zaɓe a shekarar da yaro ke cika 15, OHL a shekarar da yake cika 16. Akwai 'yan tsiraru da aka yarda suka fara kaka guda cikakkiya suna da shekara 15, irin su John Tavares a 2005, Connor McDavid a 2012 da Connor Bedard a 2020, amma wannan ba abin da za a gina lissafi a kai ba ne.

Abin da CHL ke sayarwa shi ne kamanni da NHL. Wasa 68 a kaka a WHL da OHL, 64 a QMJHL, filin ƙanƙara mai girman na NHL, wasannin neman kofi inda ake karawa har sai wani ya ci huɗu cikin bakwai, daga nan zakarun su haɗu a gasar Memorial Cup. Yaro yana koyon yadda ake buga wasa uku cikin kwana uku ko huɗu da jiki a gajiye, yadda ake fitowa daga makonnin da raga ta ƙi karɓar ƙwallonsa, da yadda ake yi idan 'yan kallo dubbai suka yi masa ihu. Ga ɗan gaba mai basira wannan babbar riba ce, domin faifan robar da ake bugawa a matsayin ƙwallo yana yawan zuwa sandarsa, kuma gwanintar cin raga sai da maimaici take zama jiki. Jarome Iginla, wanda mahaifinsa ɗan Nijeriya ne, ta nan ya bi: ya ci Memorial Cup sau biyu da Kamloops a 1994 da 1995, Dallas ta zaɓe shi na 11 a 1995, ya kuma gama wasa da ƙwallo 625 a NHL.

Illar tana nan cikin ribar. Jadawalin da ya cika da wasa ba ya barin lokacin ɗaga ƙarfe. Yaron da ya shiga kaka a rame, a rame zai fita, sau da yawa ma ya ƙara zubewa zuwa watan Maris. A WHL tafiya a bas ce ke cin sauran ƙarfin. Tsakanin Brandon a Manitoba da Portland a Oregon ya haura kilomita 2,000. Karatun sakandare yana tafiya ne a gefen wannan duka, kuma ƙungiyoyi sun bambanta matuƙa wajen yadda suke sa ido a kai.

Sai batun ɗan shekara 16 da ya faɗa ƙungiya mai neman kofi. Kocin CHL aikinsa na rataye ne da cin wasa da cika ɗakin kallo, saboda haka manyan 'yan 19 da 'yan 20 (kowace ƙungiya an yarda mata uku kacal daga 'yan 20) su zai riƙa turawa a lokutan da suka fi muhimmanci. Sabon yaro yana iya ƙarewa a layi na huɗu, wato sahun ƙarshe na 'yan gaba, minti shida ko bakwai cikin minti 60, ba ya taɓa shiga idan abokan hamayya sun ragu da mutum ɗaya. Wasa 68 na minti bakwai-bakwai bai kai wasa 45 na minti 20 a mataki na ƙasa ba. A ganinmu wannan lissafin shi ne mafi muhimmanci a duk maganar, kuma shi iyaye suka fi mantawa da shi idan sunan babbar ƙungiya ya ɗauke musu hankali.

Ana kuma musayar 'yan wasa a tsakiyar kaka, galibi kafin wa'adin farkon Janairu. Yaro zai iya wayar gari an ce ya haɗa kayansa zuwa wani gari, sabuwar makaranta, sabon gida. Idan iyaye na son sharaɗin hana musaya, sai an rubuta shi a takardar yarjejeniya tun kafin a sa hannu.

Albashi babu, sai ɗan kuɗin kashewa, kayan wasa, abinci da masauki. Abin da ke da ƙima shi ne tallafin karatu: a WHL, kowace kaka da yaro ya buga tana ba shi kuɗin makaranta da na littattafai na shekara ɗaya a jami'a ko kwaleji. Sauran gasannin biyu suna da irin nasu tsarin da ya ɗan bambanta. Tallafin yana da wa'adin da dole a fara amfani da shi bayan an gama, kuma yana faɗuwa idan yaron ya sa hannu a kwantiragin NHL. Da yawa suna kai shi jami'o'in Kanada su ci gaba da wasa a can. Gola Logan Thompson ya bi ta jami'ar Brock kafin ya isa NHL.

Gidan riƙo

Wannan ya shafi CHL da gasannin matasa na Amurka duka, kuma ga iyalin Musulmi da ke zaune a Winnipeg ko Calgary ko Minneapolis ya cancanci zama na musamman. Ɗan shekara 16 zai bar gida ya zauna da wani iyali da ƙungiya ta samo, su ke ciyar da shi. A tambayi ƙungiyar yadda take tantance waɗannan gidaje, a je a ga gidan, a yi maganar naman halal da wurin salla a fili tun farko. A shekarun nan azumin Ramadan yana faɗowa cikin Fabrairu da Maris, daidai ƙarshen kaka da shigar wasannin neman kofi, don haka likitan ƙungiya da mai kula da abincin 'yan wasa su san da maganar tun kafin lokacin. Nazem Kadri, wanda ya buga wa Kitchener da London a OHL, ya ci Kofin Stanley, kofin zakarun NHL, da Colorado a 2022 har ya kai kofin masallacin garinsu, wato hanyar ba a rufe take ba.

A kuma yi tambaya kai tsaye kan cin zalin sababbin shiga. Akim Aliu, wanda aka haifa a Okene, ya ƙi yarda da irin wannan wulakanci a Windsor a 2005, abin ya zama babban labari a Kanada. Gasannin sun tsaurara doka tun daga lokacin, amma a san wa yaro zai kira idan abu ya faru, kuma ya kasance mutumin ba ƙarƙashin koci yake ba.

Hanyar jami'a: wasa kaɗan, horo mai yawa, abokan karawa manya

Ba a shiga hokin jami'a kai tsaye daga sakandare sai ga fitattu. Yawanci yaro yana yin shekara ɗaya zuwa uku a gasar matasa tukuna, shi ya sa ɗan ajin farko a ƙungiyar jami'a sau da yawa yana da shekara 20. Babbar gasar matasa a Amurka ita ce USHL mai ƙungiyoyi 16, ba a biyan kuɗi don a buga a cikinta. A ƙarƙashinta akwai NAHL. Akwai kuma shirin horar da zaɓaɓɓun 'yan ƙasa da 17 da 18 na Amurka a Plymouth, jihar Michigan, wanda na 'yan ƙasar ne kawai. A Kanada akwai BCHL, wadda ta fice daga hukumar hokin ƙasar a 2023, da sauran gasannin larduna. Cale Makar daga Brooks a Alberta aka zaɓe shi na huɗu a 2017, ya yi shekara biyu a jami'ar Massachusetts kafin ya koma Colorado. Kyle Okposo, shi ma ɗan wani ɗan Nijeriya, ya bi ta Des Moines a USHL da jami'ar Minnesota, New York Islanders ta zaɓe shi na bakwai a 2006, ya rufe wasansa da Kofin Stanley a Florida a 2024.

Rukuni na ɗaya na NCAA yana da ƙungiyoyin maza sittin da 'yan kai. Ƙa'idar kaka wasa 34 ce, kusan duka Juma'a da Asabar. Litinin zuwa Alhamis na atisaye ne, ɗaga ƙarfe, kallon bidiyon wasa da aji. Rabin wasannin CHL ke nan, amma ninkin horon. Yaron da ya shigo da kilo 72 yana da damar ya ƙara tsoka a cikin kakar kanta, abin da kusan ba ya yiwuwa a CHL. Sannan abokan karawarsa 'yan 22, 23 har 24 ne, mazaje da suka gama girma, masu bin tsari sau da ƙafa. Ɗan shekara 18 da ya iya ƙwace faifai daga hannunsu a kusurwar fili ya nuna wa masu farautar 'yan wasa abin da yawan ƙwallaye a gasar yara ba zai nuna ba. Macklin Celebrini ya yi hakan a jami'ar Boston, ya ci kyautar Hobey Baker ta gwarzon shekara, San Jose ta ɗauke shi na ɗaya a 2024.

Wannan tsari ya fi karɓar masu tsaron baya da gololi, domin sun fi jinkirin nuna. Ya kuma fi karɓar yaron da bai gama tsayi ba ko wanda aka haifa a ƙarshen shekara. A Kanada ana raba yara ne bisa shekarar haihuwa daga Janairu, don haka ɗan Disamba yana tasowa yana karawa da waɗanda suka girme shi da kusan shekara guda, kuma an daɗe da lura cewa 'yan watannin farko sun fi yawa a manyan ƙungiyoyin matasa. Jami'a tana ba irin wannan yaro har zuwa shekara 23 ko 24 ya kamo su. Martin St. Louis babu wanda ya zaɓe shi, ya gama a jami'ar Vermont, ya ƙare cikin jerin gwarazan wasan na tarihi.

Inda abin ke lalacewa yana da yawa, kuma mafi yawansa a takarda ne. NCAA tana buƙatar darussa 16 da ta amince da su daga sakandare, da matsakaicin maki aƙalla 2.3 a ma'auninta. Yaron da ya sauya makaranta sau biyu saboda hoki yana iya gano a shekarar ƙarshe cewa wani darasin lissafi ko kimiyya da ya yi ba ya cikin jerin. Ba a fafe gora ranar tafiya. A buɗe masa rajista a cibiyar tantancewa ta NCAA tun yana aji na goma, a riƙa duba darussan kowane zango.

Alkawarin baki da koci ya yi wa ɗan shekara 16 ba ya ɗaure kowa. Koci na iya cewa a ƙara shekara a gasar matasa, ko ya janye gaba ɗaya. Abubuwa biyu sun ƙara tsananta wannan: yanzu ɗalibi na iya sauya jami'a ya fara wasa ba tare da ya zauna shekara ba, ga kuma kwararowar 'yan CHL. Kocin da ke da gurbi ɗaya na mai tsaron baya zai iya cike shi da ɗan shekara 22 daga wata jami'a ko kyaftin ɗin wata ƙungiyar OHL, maimakon yaron da ya yi wa alkawari shekara uku da suka wuce. Tallafin karatu kuma ba kowa ke samun cikakke ba. Kafin 2025 an daɗe ana raba gurbi 18 ga tawaga mai mutum 26 ko fiye, kuma jami'o'in Ivy kamar Harvard da Cornell ba sa ba da tallafi don wasa sam, sai bisa ƙarfin aljihun iyaye. Ɗalibin da ba Ba'amurke ba ya sani cewa bizar karatu tana taƙaita kuɗin talla da zai iya karɓa a cikin ƙasar.

Illa ta ƙarshe ta wasa ce. Gola na biyu a jami'a yana iya gama kaka da wasa biyar, domin wasanni 34 ba su isa a raba ba. Ga gola, gara gasar da ta fi ƙanƙanta inda shi ne na ɗaya.

Turai

A Suwidin da Finlan yaro yana tasowa ne a cikin kulob guda, daga 'yan ƙasa da 16 zuwa 18 zuwa 20 zuwa babbar tawaga, yana kwana a gidansu ko kusa, yana zuwa sakandaren da aka tsara jadawalinta da atisaye. Babu zaɓe, babu musaya ba da son ransa ba. Kyawun tsarin shi ne hawa da sauka: ɗan shekara 17 zai iya buga wa 'yan ƙasa da 20 ranar Laraba, a kira shi babbar tawaga ranar Asabar, ko a ba da shi aro ga rukuni na biyu, HockeyAllsvenskan a Suwidin ko Mestis a Finlan. SHL, babbar gasar Suwidin, tana da ƙungiyoyi 14 da wasa 52, Liiga ta Finlan wasa 60. Elias Pettersson ya yi rukuni na biyu da Timrå, ya koma Växjö ya fi kowa maki a SHL a kakar 2017-18, sannan ya tafi Vancouver a shirye.

Filin Suwidin ya kai mita 30 a faɗi, na NHL kusan 26. Mita huɗun nan suna ba ɗan baya lokacin ɗaga kai ya duba kafin ya miƙa, suna kuma koya masa zamiya mai kyau. Idan ya ƙetaro sai ya tarar an riga an iso kansa kafin ya juya, shi ya sa da yawa ke buƙatar watanni a AHL, gasar da ke ƙarƙashin NHL. Matsalar da ta fi yawa ita ce ta ɗan gaba na 13, wato na ƙari bayan 12 da ake juyawa: an sa masa riga, sunansa na cikin takardar wasa, amma minti biyu ko uku kawai ya taka ƙanƙara, wani lokaci ko ɗaya. A kan takarda ya buga wasa 30 da manya. A zahiri benci ya ɗumama.

Ga yaron da ya taso a Kanada ko Amurka ba tare da fasfon Turai ba, wannan hanya ba ta da sauƙi kafin shekara 18, saboda izinin zama da kuma rashin dalilin da zai sa kulob ya fifita baƙo a kan nasa. Misalin da ake yawan kawowa, Auston Matthews, na daban ne: an haife shi 17 ga Satumba 1997, ya rasa zaɓen 2015 da kwana biyu, ya tafi ZSC Lions a Zurich ya yi kaka guda a matsayin tauraro, Toronto ta ɗauke shi na ɗaya a 2016. An kira shi ne don ya ja ragamar tawaga. Akasin haka ya fi yawa, wato Turawa su zo CHL ta gurbin baƙi, wanda aka ƙara daga biyu zuwa uku ga kowace ƙungiya a 2025.

Bayan zaɓe: inda hanyoyin suka fi rabuwa

Nan ne dokoki ke yin tasirin da iyaye ba sa hangowa. AHL ita ce matakin da ke ƙarƙashin NHL, ƙungiyoyi 32, wasa 72, kuma dokarta ta tilasta cewa cikin 'yan wasa 18 da aka fito da su ban da gololi, aƙalla 12 su kasance masu ƙarancin gogewa, waɗanda ba su wuce wasa 260 na ƙwararru ba. Makaranta ce ta gaske. Amma bisa yarjejeniyar da aka daɗe ana aiki da ita tsakanin NHL da CHL, wanda aka zaɓa daga CHL ba ya zuwa AHL sai zai cika 20 kafin ƙarshen Disamba ko ya kammala kaka huɗu a can. Ɗan 18 ko 19 da ya fi ƙarfin yara amma bai kai NHL ba, ya maƙale ke nan. Shane Wright, wanda Seattle ta zaɓa na huɗu a 2022, ya yi wasa takwas kacal a NHL a kakarsa ta farko, ya sha zama a waje, aka ba shi ɗan gajeren aro a AHL, daga bisani aka mayar da shi OHL. Kwatanta da Moritz Seider, wanda Detroit ta zaɓa na shida daga Mannheim a 2019: ya tafi AHL yana da 18, ya yi kaka a Rögle ta Suwidin, ya zo ya ci kyautar gwarzon sababbin 'yan wasa a 2022. Sabuwar yarjejeniyar NHL da ƙungiyar 'yan wasa, mai fara aiki a kakar 2026-27, ta buɗe ƙofar sassauta wannan doka ga wasu 'yan shekara 19, ta kuma taɓa tsawon lokacin da ƙungiya ke riƙe haƙƙin wanda ta zaɓa.

A tsohon tsarin, ƙungiya na da shekara biyu ta sa hannu da ɗan CHL, amma kusan huɗu ga ɗan jami'a ko ɗan Turai. Shi ya sa a zagayen ƙarshe manajoji suka fi son ɗan jami'a: suna kallonsa ya nuna ba tare da ya ci gurbi cikin kwantiragi 50 da aka iyakance wa kowace ƙungiya ba. Ɗan jami'a kuma yana da makami, domin idan ya gama karatu bai sa hannu ba yana iya zaɓar inda yake so, kamar yadda Jimmy Vesey ya yi wa Nashville a 2016.

Kwantiragin farko shekara uku ne ga mai shekara 18 zuwa 21, biyu ga 22 da 23, ɗaya ga 24. Yana da albashi iri biyu: a NHL mafi ƙanƙanta dala 775,000 a kakar 2025-26, a AHL kuwa iyakarsa ba ta kai dala 90,000 ba. Ga ɗan 18 ko 19, idan bai kai wasa goma a NHL ba shekarar ba ta ƙirguwa, kwantiragin ya matsa gaba. Saboda haka duk Oktoba ake ganin matasa suna yin wasa tara a mayar da su. Edmonton ta riƙe Leon Draisaitl wasa 37 a kakar 2014-15, ya ci ƙwallo biyu, sannan ta mayar da shi WHL. Shekarar kwantiragi ta ƙone, ko da yake shi bai karye ba. Wasu da aka yi wa irin wannan gaggawa ba su farfaɗo ba.

Sa hannu a wannan kwantiragi shi ne matakin da ba a komowa daga gare shi yanzu. Yana rufe NCAA, yana soke tallafin karatun CHL. Wanda aka zaɓa a zagaye na biyar aka miƙo masa takarda yana da 19 ya auna: shekara uku na albashin AHL, wataƙila ma a gasar ECHL da ke ƙasa da ita, ko shekara uku zuwa huɗu na digiri da horo, da yiwuwar ƙungiyar ba za ta sake tayi ba.

To wa ya dace da ina?

Yaron da jikinsa ya nuna da wuri, ɗan gaba mai cin raga, wanda aka zaɓa a sahun farko kuma ƙungiyar na sake gini ta yadda za a ba shi layi na biyu tun shekarar farko: CHL daga 16, tare da kiyaye darussan NCAA da kuma kaucewa karɓar abin da ya wuce kuɗin buƙatunsa na ainihi, domin wannan shi ne sharaɗin da NCAA ta bari. A shekara 18 ko 19, idan ya fara wasa da yara kamar babu kowa a fili, ya koma jami'a ya gamu da manya.

Siririn yaro, ɗan baya mai jinkiri, ko wanda aka zaɓa can ƙasa: babu dalilin barin gida a 16. Ya ƙara shekara a matakin 'yan ƙasa da 18 inda zai buga minti 20 da ɗoriya, sannan USHL ko gasar lardi, jami'a a 19 ko 20. Sai dai a sani cewa gurabun jami'a sun yi tsada tun 2025, kuma wanda da can zai samu gurbi a rukuni na ɗaya yana iya ƙarewa a rukuni na uku, inda babu tallafin wasa kuma sabuwar dokar 'yan CHL ba ta shafa ba.

Wanda ke zaune a Gothenburg ko Helsinki tuni, ya zauna a kulob ɗinsa muddin yana hawa. Ƙetarowa CHL tana da amfani ne kawai idan ya cika 17 ko 18 kuma babbar tawagar ta cushe da manya a matsayinsa.

Kafin a amsa wa kowace ƙungiya, a ɗauki jerin 'yan wasanta a ƙirga mutum nawa ne a matsayin yaron za su dawo baɗi da shekarunsu. A duba 'yan shekara 16 da 17 da ta ɗauka cikin shekaru uku da suka wuce, wasa nawa suka buga, nawa aka musayar, ina suke yanzu. A tambayi mai horar da ƙarfin jiki sau nawa ake shiga ɗakin ƙarfe a mako a tsakiyar kaka, a kuma tambayi shekara nawa suka rage a kwantiragin kocin da ke yin alkawarin.